Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Limamai, Kwamitocin Marayu Da Hukumomin Jihar Kano: A Duba Auren Masu Riƙo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina miƙa gaisuwar ban-girma ga iyayenmu limaman Juma'a da na masallatan unguwa, da shugabannin kwamitocin tallafa wa marayu, da dagatai da masu unguwanni, da mai girma Kwamishinar Ma'aikatar Harkokin Mata da Yara ta Jihar Kano, da shugabannin Hukumar Hisbah da na Hukumar Zakka da Hubusi. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa marayu.

Ni malama ce a wata Islamiyyar matan aure a cikin birnin Kano. Ni da maigidana muna riƙe da 'ya'yan yayansa, Allah Ya jiƙansa. Na rubuto ne a madadin ma'auratan da ke riƙon yaran da ba su suka haifa ba: masu riƙon marayu, da masu riƙon yaran da auren iyayensu ya mutu, da waɗanda aka kawo wa ɗan ɗan'uwa daga ƙauye don karatu, da waɗanda Allah bai ba haihuwa ba dangi suka ba su yaro. Matan ajinmu ne suka ce in ɗauki alƙalami, wasu daga cikin mazajensu kuma suka aiko da nasu saƙon.

Abin da ya sa muka yi magana shi ne, duk shekara azumi na zuwa a tara kuɗi, a ɗinka wa marayu kayan Sallah, a raba shinkafa da taliya, a rubuta sunan yaro da shekarunsa da sunan mahaifinsa. Mun gode, kuma yaran suna murna. Amma a duk takardun da aka taɓa kawo mana, babu layi ɗaya da ya tambayi halin da mata da mijin da ke riƙe da yaron suke ciki. Lamarin ya zama kamar ɗura ruwa a randar da ta tsage, ba wanda ya sunkuya ya duba gindinta. Muna ganin auren masu riƙo yana mutuwa a unguwanninmu, kuma ranar da ya mutu, yaron da ake tausayi ne ake fara haɗa wa kaya a nemi wani gidan da za a kai shi.

Kukanmu na farko a kan yadda ake yanke shawarar riƙo ne. A mafi yawan gidaje, maza ne ke zama a zaure bayan sadakar uku ko ta bakwai, su raba yaran mamaci: wane ya ɗauki biyu, wane ya ɗauki ɗaya. Matar da za ta yi wanka da wanki da jinya da tashin dare tana can madafa tana tuƙa tuwon masu zaman makoki. Wata ɗalibata ta ce ita dai ta dawo daga gidan rasuwa ne ta tarar da jakunkuna a ƙofar ɗakinta, yara uku suna zaune a kan tabarma sun zuba mata ido, ƙaramin ko yaye ba a daɗe da yi masa ba. Maigidan ya ce mata, "Ga 'ya'yan Yaya nan, nan za su zauna." Shi ke nan. Ta ce wallahi da an tambaye ta da gudu za ta amsa, don mamacin ya yi mata alheri. Rashin tambayar ne ya tsaya mata a rai, har yau kuma duk ranar da suka saɓa da mijinta, maganar nan ce take fara fitowa.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Mace takan ɗauko 'yar ƙanwarta da ta rasu wajen haihuwa, miji ya yi kara ya ce ba komai, alhali bai shirya ba, bai kuma faɗi gaskiyar aljihunsa ba. Bayan wata shida sai gori ya fara: "Ai 'yarki ce, ki san yadda za ki yi da kuɗin makarantarta." Kara da kunya abin yabo ne a wurinmu, amma amincewar da aka bayar don kunya ba ta daɗewa take komawa ƙorafi. A gidan da ake da mata biyu ko uku kuwa, abin ya fi haka cakuɗewa. Ɗakin wa yaron zai kwana? Ranar girkin wa zai ƙoshi? Idan uwargida aka ba, amarya ta ce an fifita ta. Idan amarya aka ba, ta ce an jibga mata wahala.

Iyayenmu malamai, kun fi ni sanin cewa lokacin da fari ya matsa wa Ƙuraishawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki Sayyidina Aliyu, baffansa Abbas ya ɗauki Ja'afar, don su rage wa Abu Ɗalib nauyi. A gidan Nana Khadija Aliyu ya tashi. Shi kansa Annabi, da ya koma hannun Abu Ɗalib, Faɗimatu bintu Asad ce ta riƙe shi riƙon uwa. Ana yawan karanta mana hadisin da ya ce mai riƙon maraya yana tare da Annabi a Aljanna kamar yatsu biyu, amma ba safai ake ambaton matan da riƙon ya gudana a ɗakunansu ba.

Na biyu, ciyarwa. Ranar rabon yara kowa na da baki: wannan ya ce shi zai riƙa biyan kuɗin makaranta, wancan ya ce buhun masara duk kaka yana wuyansa. Kafin a yi arba'in an fara ɗauke ƙafa, bayan shekara ko waya ba a ɗagawa. Wani lokacin gonar marayun ko gidan da mahaifinsu ya bari yana hannun wani baffan daban, shi ke karɓar haya, mai riƙo kuma ba ya iya tambaya don kada a ce dukiyar marayu yake hange. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kwanon shinkafa da kuɗin mota suka koma. Mafi ƙarancin albashin da Kano ta sa a 2024 naira 71,000 ne, shi ma ga mai aikin gwamnati. Ku auna magidancin da ke da 'ya'ya biyar aka ƙara masa uku, ko ɗan adaidaita sahun da sai ya cika balas kafin ya yi cefane.

Abin da ke biyo baya a cikin gida, mu muke ganin sa. Kuɗin cefane bai ƙaru ba, bakuna sun ƙaru. Matar ta fara taɓa jarin ƙosanta ko na ɗinkinta, ta ci adashinta tun bai zo ba, ta sayar da 'yan kunnenta. Mijin ya ga ya gaza, kunya ta hana shi faɗa, sai ya koma daɗewa a majalisa, ba ya shigowa sai yara sun yi barci. Ita ta ɗauka guje mata yake, shi ya ɗauka raina shi take. Da yawa daga cikin matan da ke zuwa mini da ciwon kai da rashin barci da hawan jini, idan muka zauna muka bi zaren, nan yake kai mu. Mazan ma suna fama, sai dai su ba su da inda za su kai kuka. Namiji ba zai tashi a masallaci ya ce 'ya'yan ɗan'uwansa sun yi masa nauyi ba.

Na uku shi ne wanda aka fi jin nauyin faɗa, amma dole a faɗe shi. Yawancin masu riƙo a cikin gari gidan haya suke, ciki da falo. Yara na girma. An umarce mu da raba musu makwanci idan sun kai shekara goma, to a raba su a kai su ina? Mata da miji sun rasa wurin da za su keɓe su yi maganar sirri, balle sauran haƙƙoƙin aure. Sai a wayi gari mutum biyu suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, amma abin da ke haɗa su bai wuce "an kawo wuta?" da "sabulu ya ƙare" ba.

Ga kuma maganar muharramaka, wadda mutane da yawa ba su san hukuncinta ba sai abu ya lalace. Ɗan wan miji ba muharramin matar gida ba ne. Yaron da ta goya, ta yi wa wanka, ranar da ya balaga hukuncinsa ya canza, ta koma sa hijabi a tsakar gidanta cikin zafin bazara. 'Yar ƙanwar mace, an hana miji haɗa ta da innarta a aure, amma wannan bai sa ta zama 'yarsa ta fuskar keɓewa ba. 'Yar riƙo da samarin gidan, 'ya'yan wa da ƙani ne, aure ya halatta tsakaninsu, ga shi ɗaki ɗaya suka tashi. Shayarwa a cikin shekara biyun farko tana warware wani ɓangare na wannan, amma yawancin yaran sun wuce nono ake kawo su. Inda ba a yi bayani tun farko ba, zargi ne ke shiga, kuma kun san abin da zargi ke yi wa aure. Inda aka yi sakaci gaba ɗaya kuma, yarinyar ce ke cutuwa, a rufe maganar don kare sunan gida.

Na huɗu, idon dangi. Matar da ke riƙo ba ta da tudun dafawa. Idan ta tsawatar, a ce don ba ita ta haifa ba. Idan ta sa ido, a ce ta bar maraya ya lalace da gangan. A gidana, na daɗe ina zaɓar tsokar da ta fi girma in sa a kwanon marayun, don tsoron abin da za a je a faɗa wa surukata. Rannan ɗana na cikina, yana riƙe da kwanonsa, ya dube ni ya ce, "Umma, ke kin fi son su." Da na faɗa wa mahaifinsa, sai ya ce shi ma a can gida an tare shi da cewa yaran sun rame. Daga nan murya ta ɗaga, alhali ni da shi abu ɗaya muke so. Allah Ya taimake mu akwai wata gwaggonsa mai hankali da ta zaunar da mu. Gidaje nawa ne ke da irin wannan gwaggon?

Su kansu yaran da ciwonsu suke zuwa. Yaron da ya ga an fita da gawar mahaifiyarsa, ko wanda aka kawo daga Zamfara ko Katsina bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu, ko daga Borno, ko wanda gobarar tankar man Majiya ta Oktoban 2024 ta raba da ubansa, ba zai zauna kamar sauran yara ba. Wani ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara tara, kullum da safe a ɗora katifa a kan katanga maƙwabta na gani. Wani ya riƙa ɓoye abinci a ƙarƙashin filo. Wani ya daina magana, wani ya riƙa firgita cikin dare yana ihu. Babu wanda ya taɓa zaunar da ma'aurata ya ce musu wannan alamar baƙin ciki da tsoro ce, tana da magani, kuma duka ƙara ta yake. Sai miji ya ce a yi hukunci, mata ta ce a yi haƙuri, ko akasin haka, yaron ya zama abin jayayya kullum.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai masu mugun riƙo, kuma mun san su: 'yar riƙon da aka mayar baiwa, ita ce talla, ita ce wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta. Ba na kare su, hukunci ya dace da su. Amma ina roƙon ku lura cewa da yawa daga cikin irin wannan zalunci a gidan da mata da miji suka riga suka ɓata yake tsirowa, a huce haushin babba a kan ƙarami.

Na biyar ya shafi waɗanda ba su samu haihuwa ba. Mace ta karɓi yarinya tun daga yaye, ta raine ta, ta yi mata tarin kayan ɗaki. Da manema suka fito, sai iyaye su aiko a mayar musu da 'yarsu, ko a ɗaura aure ba a ko shawarci mijin da ya ciyar da ita shekara goma sha biyar ba. Irin wannan gida makoki yake shiga, amma ba mai zuwa yi musu gaisuwa. Wasu kuma sai mijin ya rasu a tashi rabon gado, sannan matar ta ji cewa ɗan riƙo ba ya gado. Hukuncin a bayyane yake: Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, riƙo ba ya mayar da yaro ɗan cikin mutum. To amma shari'ar nan ta buɗe ƙofar kyauta tun mutum yana raye, da wasiyya har zuwa kashi ɗaya cikin uku. Me ya sa ba a sanar da mutane tun da sauran lokaci?

Yanzu ga abin da muke roƙo.

Iyayenmu limamai, ku ne ake kira a yi addu'ar uku da ta bakwai, kuma a gabanku ake raba yara. Muna roƙon kada ku shafa fatiha a kan rabon sai kun tambaya: an shawarci matar gidan? Idan dangin mace ne, an ji ta bakin mijin shi kaɗai, ba a gaban surukansa ba? Ku kuma tuna wa dangi cewa a mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ta fi cancantar renon ɗanta, bayanta kakar wajen uwa. Sau da yawa tallafa wa bazawarar ta riƙe 'ya'yanta ya fi raba su gida-gida. Muna son huɗuba da karatu a kan hukuncin riƙo filla-filla: muharramaka, raba makwanci, dukiyar maraya, kyauta da wasiyya. Ku faɗa wa maza cewa matar da ke wahala da 'ya'yan ɗan'uwansu alheri take yi, ta cancanci godiya da baki. Ku faɗa wa mata haka game da mazan da ke ciyar da 'ya'yan danginsu.

Masu unguwanni da dagatai, a riƙa rubuta yarjejeniya. Takarda ɗaya ta isa: wa ke riƙo, wa ya ɗauki kuɗin makaranta, wa ya ɗauki magani, dukiyar yaron tana hannun wa, yaushe zai riƙa zuwa wurin mahaifiyarsa ko kakanninsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a addini. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kafa shaidu wajen miƙa wa marayu dukiyarsu, ta kuma yarda wa waliyyi matalauci ya ci gwargwadon abin da ya dace. A sa a cikin takardar cewa lokacin hutun makaranta sauran dangi za su karɓi yaran na mako biyu ko uku. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne. To kowa ya karɓi nasa kason, masu riƙo su samu su numfasa, su ga juna.

Kwamitocin marayu, ku raba abin da kuke tarawa a kan watanni goma sha biyu, ko da kaɗan-kaɗan ne. Yunwa ba ta jiran azumi. Idan za ku kawo kayan Sallah, ku tuna akwai wasu yaran a gidan. Atamfa ga ɗaya a bar huɗu suna kallo tana haifar da gaba tsakanin yara, ta dawo kan iyaye. Ku daina jera marayu ana ɗaukar su hoto ana watsawa a Facebook, domin magidancin da ke riƙe da su ji yake an tallata gazawarsa. Ku sa mata masu hankali da riƙon sirri a cikin kwamiti, su shiga cikin gida su zauna da matar, namiji dattijo kuma ya keɓe da mijin.

Hukumar Zakka da Hubusi, gidan da ke riƙon marayu kuma yake cikin talauci ya shiga sahun waɗanda zakka ta halatta gare su. Muna roƙon a ware musu kaso na jari, musamman matan da jarinsu ya narke a tukunya, a kuma kwaɗaitar da masu hali su yi wakafin gidaje ko biyan hayar ƙarin ɗaki ɗaya. Ɗaki ɗayan nan zai magance rabin abin da na zayyana a sama.

Hukumar Hisbah, kun aurar da mutum 1,800 maza da 1,800 mata a auren gata na Oktoban 2023, kuma ofisoshinku ba sa rabuwa da sulhun ma'aurata. Muna roƙon duk ma'auratan da suka zo gabanku a tambaye su ko akwai ɗan riƙo a gidan, domin sau da yawa ba za su faɗa da kansu ba, sai su ce rigimar cefane ce. Idan kuma rabuwa ta zama dole, kada a tashi sai an san inda yaron zai koma.

Mai girma Kwamishina, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ware sashe guda a kan riƙo, har da rajistar yaran da ziyarar jami'ai, Kano kuma ta samu tata Dokar Kare Yara a 2023. A fassara abin da ya shafi riƙo zuwa Hausa, a karanta a rediyo. A horar da jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi 44 su iya zama da ma'aurata, su gane yaron da ke buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa su tura shi, su kuma gane uwar riƙon da damuwa ta fara kayarwa. A sauƙaƙa wa masu riƙo samun takardar haihuwar yaro da sunan mahaifinsa. A shigar da marayun da ke hannun talakawa cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha da hukumar KSCHMA ke gudanarwa, tare da mata da mijin da ke riƙe da su. Gwamnatin da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024 ta nuna lafiyar aure ta dame ta, kuma kula da yaro a cikin danginsa ya fi sauƙin kuɗi a kan kai shi gidan marayu na Nassarawa.

A ƙarshe, muna neman zama da ku. A kira taro a matakin mazaɓa, a gayyaci masu riƙo maza da mata, a ba mata zaurensu daban don su saki jiki su yi magana. Matan ajinmu sun ce a shirye suke su zo, wasu mazajen ma sun yarda. Muna fatan a yi wannan zama kafin kwamitoci su fara tsara rabon azumi mai zuwa.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar Islamiyyar matan aure, a madadin ma'aurata masu riƙo,
Birnin Kano.